Shekara Bakwai Bayan Yaya Sale da Libarbarsa Mai Taurin Kunama

Shekara bakwai ke nan da muka sallaci Yaya Sale a nan Riyad, amma har gobe in na ga mutum ya sunkuya yana gyara safa, shi nake tunawa. Wana ne, ciki ɗaya. Ya daɗe yana ɗan sandan farin kaya a gida, da ƙaramar bindiga ɗaure a ƙwaurinsa, ta ko-ta-kwana, in babbar ta ƙi tashi. Da ya yi ritaya ya biyo ni nan, ya samu gadin wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Baƙo a ƙasar nan ko a mafarki ba ya riƙe bindiga, sai ya koma cusa ikamarsa, wato katin zama, a cikin safa. Hannu ya riga ya saba da wurin.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ɗakinmu na unguwar Gubaira cika yake yi. Abokin musunsa Malam Idi ne, tsohon jandarma daga Maraɗi. Shinkafa na hucewa a faranti, su suna can suna fama. Malam Idi ɗan gani-kashe-nin bindiga ƙirar Ostiriya ne: ba nauyi, harsashi da yawa, ka sa ta ƙarƙashin riga ko matarka ba za ta gane ba. Ta Italiya kuwa, in ji shi, kyau kawai gare ta. Yaya Sale na nan kan tsohuwar libarbarsa ta ƙwauri mai harsashi biyar, wadda sai ka sa ƙarfi kafin kunamarta ta motsa.

"Sale, wannan ai garma ce. Kafin ka ja an gama da kai."

"Bar ni da garmata, Idi."

Gaskiya haushi yake ba ni. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu kam ina kewar musun nan, har da tsakin da yake ja.

Yanzu Malam Idi ya koma gida, ɗakin ya zama na samari. Su ma musun suke, amma a waya, suna kallon Turawa na gwada wace bindiga ce ta fi saurin tashi. Wasunsu har cewa suke in sun koma sai sun nemi guda, saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Ban ga laifin tsoronsu ba. Sai dai nakan ce a raina, da Yaya na nan me zai ce musu? Ina jin shiru zai yi, don ni ma sai a gadon asibiti ya gaya min dalilinsa.

Ya ce, "Habu, ka tuna ranar da ka fara zuwa gida daga Saudiyya?"

Ina zan manta. Ban sanar da kowa ba, na hango shi a bakin kasuwa da rana tsaka, na lallaɓa na shaƙo wuyansa ta baya ina dariya. Ya zube ƙasa, na zaci tuntuɓe ya yi. Ya miƙe gumi sharkaf, ko sannu da zuwa bai ce min ba. Wata guda ina fushi da shi.

Ashe a makon wasu 'yan fashi da yake bibiya sun aiko masa cewa za su same shi. Zubewar da ya yi, bindigar ya zaro. Bakinta na saitin cikina, babbar rigarsa ta rufe ta, ni ban sani ba.

"Na riga na fara ja," in ji shi. "Ina tsakiyar ja na gane dariyarka. Da mai laushin kunama ce a hannuna, da Inna ta karɓi gaisuwarka a ranar."

Shekaru yana ɗauke da maganar nan shi kaɗai, ana yi masa dariyar garma yana haɗiyewa.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Kabarinsa ma irin na nan ne, ba suna, yanzu ba zan iya nuna shi ba. Amma 'ya'yana huɗu, dukkansu bayan ranar nan aka haife su, babban kuma sunansa Salihu. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ban taɓa ce maka na gode ba, kuma abin yana cina.