Gonar Ƙarshen Layi

Datti irin mutanen nan ne da in ka taka masa ƙafa a kasuwar Kura shi zai riga ka cewa sannu. A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure aka haife shi, tun kafin kowa ya yi zaton ruwa zai baro madatsar Tiga ya biyo kwatar siminti har bakin gonar talaka a tsakiyar rani. Yana saurayi mahaifinsu ya rasu, ya bar masa gona da ƙaninsa Baballe, wanda a lokacin ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Datti ne ya kai shi makarantar allo, shi ya koya masa riƙon fartanya, shi kuma ya yi masa aure, suka zauna gida ɗaya, kowa da sashensa. Duk garin an san ba ya haɗa yaron nan da kowa.

Da aikin noman rani ya iso yankinsu, aka baje gonaki da manyan motoci, aka yanka kwatoci, sannan aka mayar wa kowa rabonsa. Gadon su Datti ya fito gida biyu a kan ƙaramar kwata ɗaya. Ɗaya tana bakin ƙofar ruwa, ɗaya kuma can a ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a gajiye, bayanta ba gonar kowa sai lambatun da ke kwashe rarar ruwa. Kowa ya san wadda babban wa zai zaɓa, amma Datti ya bar wa ƙaninsa ta bakin ƙofa, ya ɗauki ta ƙarshe. Ya yi ta kai mata takin gida a kan jaki shekara da shekaru har ƙasarta ta yi baƙi, ya dasa gwaiba a gefe. A layin nan babu gonar da ake tsayawa a kalla kamar tasa.

Shi kuwa Baballe, a wurin leburancin haƙar kwatocin nan ya haɗu da abokan da suka koya masa shan burkutu. Aiki ya ƙare, abokai suka watse, abin ya zauna masa. A yi masa adalci, ba mugu ba ne. In ya sha ba ya zagi, ba ya duka, waƙa yake yi sannan ya nemi wuri ya kwanta. In kuwa idonsa biyu, ba wanda ya kai shi ban dariya, ba kuma wanda ya kai shi iya aiki. Datti ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya karɓo rubutu wurin malamai har Madobi, Baballe ya shanye rubutun tas yana hawaye, ya rantse ya tuba. Tuban yakan yi mako biyu ko uku, sai kuma a gan shi ya nufi wata rumfar masu burkutu da ke bayan tasha, a bakin babban titi.

Da a ce shan nasa a cikinsa yake tsayawa, da mutane sun ja bakinsu sun bar shi da Ubangijinsa. To amma ranar ruwa bi da bi ake ban ruwa, daga bakin ƙofa zuwa ƙarshen layi. Manomi zai jera tiyo, wato lanƙwasassun bututun roba, su riƙa zuƙo ruwa daga kwata suna zubawa a kunyoyinsa. In gonarsa ta ƙoshi ya cire, ruwa ya wuce ga na gaba. Baballe ne na farko. Sai ya jera tiyonsa, ya ce bari ya je ya dawo, shi ke nan. Ruwa ya cika gonarsa, ya haura iyaka ya faɗa ta maƙwabci, na ƙasa kuma suna tsaye da tiyo a hannu suna kallon busasshiyar kwata.

Shekaru aka yi Datti yana bin bayan wannan ɓarna. Ya bar tasa gonar ya rugo ya cire tiyo, ya toshe inda ruwa ya ɓalle, ya bi mutane gida gida yana ba da haƙuri. Inda dashe ya lalace ya kawo nasa irin ya mayar. Mutane suna jin nauyinsa, sai su ce ba komai, alhali da komai. Shi kuma yana ganin haka ake riƙon ɗan'uwa. Matarsa Sa'adiya ce kaɗai ta taɓa gaya masa gaskiya, wata rana da ya shigo wujiga-wujiga da laka har gwiwa. Ta ajiye masa ruwan wanka, ta ce, "Malam, tausayi abu ne mai kyau, amma naka da gonar mutane kake yin sa." Ya ji haushin maganar ƙwarai, har ya ƙi cin tuwon dare, wanda a wurin Datti wannan shi ne iyakar fushi.

Wanda gonarsa ke jingine da ta Baballe shi ne Malam Tambaya, dattijo mai ciwon gwiwa, wanda ɗansa ya rasu ya bar masa jikoki a gida. A ranin da abin ya faru, jama'a duk sun koma alkama saboda tana daraja, shi kuwa ya ce ƙarfinsa na tumatir ne. Ya yi dashe, ya zuba ɗan takin zamanin da ya samu da kyar. Ranar ruwa ta faɗo daidai da ranar da Datti ya tafi ta'aziyya Garun Malam. Kafin ya hau mota sai da ya ja Baballe gefe ya roƙe shi, Baballe ya ce ya tafi hankalinsa kwance.

Da la'asar Datti ya dawo ya biya ta gona. Tun daga nesa ya hango gonar Malam Tambaya tana ƙyalli kamar tafki. Tsohon yana tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya sunkuya yana tsince dashen da ke yawo a sama yana tarawa a gaban rigarsa, kamar akwai abin da za su ƙara yi masa. Datti ya cire takalmi ya shiga, ya fara ba da haƙurin da ya saba. Tsohon ya ɗago ya dube shi, babu faɗa a muryarsa.

Ya ce, "Datti, kai ƙaninka kake ji. Ni ma fa ina da waɗanda nake ji."

Kunya ta rufe Datti, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya gane cewa duk haƙurin da ya yi ta bayarwa shekarun nan, wasu ne suke biyan sa da abincin 'ya'yansu, shi kuma yana shan yabon ɗan'uwa nagari.

Bayan sallar Juma'a manoman layin suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ibrahimu, wanda gonarsa ke tsakiyar layi kuma ya gaji da tsayuwar jiran ruwa, shi ya yi magana da yawun kowa. Ya ce sun yi haƙuri don Datti, haƙurin ya ƙare. Ko dai a je ofishin masu ruwa a nemi a hana Baballe ban ruwa a layin, ko kuma ya bar musu garin ya tafi inda ake irin rayuwarsa. Ba wanda ya musa, har Datti, domin ba ƙarya a ciki. Amma ya san ƙaninsa. Gonar nan ce kaɗai take dawo da shi gida da yamma. Ranar da aka raba shi da ita, Kano zai faɗa, kuma daga can sai dai a zo da labarinsa.

Datti ya daɗe yana wasa da hularsa kafin ya nemi izinin magana. Ya ce a bar masa ƙaninsa a gari, shi kuma zai ɗauke shi daga kan kowa. Za su yi musayar gona, Baballe ya koma ƙarshen layi, inda ruwa ba ya isa sai kowa ya gama, kuma duk abin da ya malala lambatu zai faɗa. Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ce ashe dai babban wa ya tuna da gonar bakin ƙofa. Datti ya haɗiye maganar, ya ce bana Malam Tambaya ne zai noma ta bakin ƙofar ya ci amfaninta, shi kuma zai karɓi wadda ruwa ya cinye ya ga abin da zai iya yi da ita. Ibrahimu ya tambaye shi, to in Baballe ya sake barin tiyo a can fa, zai ruga ya cire masa kamar kullum? Datti ya ce a'a, ya kuma faɗa a gaban mai unguwa da kowa.

Faɗa wa jama'a ya fi sauƙi a kan faɗa wa Baballe. Ya same shi a zaure, idonsa biyu, kunya ta hana shi fita tun ranar da abin ya faru. Baballe ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, ashe dama gonar kake so." Maganar ta soki Datti har cikin rai, amma bai kare kansa ba. Ya ce wa Baballe matarsa Zuliha da yaransa ba za su kwana da yunwa ba muddin akwai hatsi a rumbun gidan, amma gona yanzu tasa ce shi kaɗai, da gyaranta da ɓarnarta.

Ba a yi wata guda ba ranar gwaji ta zo. Datti ya gama nasa ban ruwan, ya ce bari ya leƙa ƙarshen layi, wai don ya ga gwaibarsa. Ya tarar da tiyo a jere suna ta aiki, ruwa ya shanye kunyoyi, yana kwashe baƙar ƙasar nan da ya yi shekaru yana tarawa yana zubawa a lambatu. Baballe na kwance a kan iyaka, rana tana dukan fuskarsa. Hannun Datti har ya kai kan tiyo na farko, sai ya janye. Ya kama ƙaninsa ta hammata ya ja shi inuwar gwaiba, ya gyara masa kwanciya ta gefe, ya rufe masa fuska da hula, ya ajiye masa gorar ruwa kusa da hannu. Sannan ya juya ya kama hanyar gida, yana jin ƙarar ruwan a bayansa, hawaye na zubo masa. Da Sa'adiya ta ga fuskarsa, fura kawai ta dama ta miƙa masa.

A ranin nan Baballe bai ɗebi ko kwando ɗaya na kirki ba. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya farka ya tarar da ɓarnarsa tana nan yadda ya bar ta, ba wanda ya share kafin ya buɗe ido. Ya yi fushi, ya daina gaida wansa na ɗan lokaci, yana kallon ana auno wa matarsa dawa daga rumbun da ba nasa ba. A sauran layin kuwa sai ruwa ya koma zuwa a kan lokaci. Malam Tambaya ya yi tumatir har motocin kudu suka ɗauka. Abin da ya fi ba Datti mamaki shi ne yadda mutanen da suka so korar Baballe suka koma yi masa sannu da tsokanarsa, tunda yanzu ba ya cin musu komai. Har Ibrahimu ya ba shi ragowar irin albasa da rani ya zagayo.

Ba za a ce Baballe ya daina sha ba, don ƙarya ba ta da amfani. Ya rage, yakan yi wata bai je ba, yakan kuma koma. Datti bai fasa yi masa addu'a ba, bai kuma fasa jan sa inuwa ba in ya same shi a rana. Amma an daina sallama a ƙofar gidansa da kawo ƙara, har ya koyi yin barcin rana a ranar ruwa, abin da ya manta yadda ake yi.

Wata ranar ruwa a rani na biyu, yana kishingiɗe a zaure bayan azahar, sai ga Baballe ya shigo da tiyo a ɗaure a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Ya jingine su a bango, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Yaya, na gama. Na cire su duka."

Datti ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Baballe ya juya ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hanyar da ta nufi tasha, dukansu biyu sun san inda take kaiwa. Datti bai ce kada ya je ba. Ko ya je yau, ba gonar da za ta nutse, ba tsohon da zai tsaya cikin ruwa yana tsintar dashe, kuma da yamma nan gidan zai dawo. Datti ya ji ƙirjinsa sakayau. Ya matsa gefe a kan tabarma, ya bar wurin zaman mutum ɗaya, ya mayar da idonsa ya rufe. Can ya ji tabarmar ta motsa, Baballe ya zauna yana tambaya ko akwai sauran fura.