Ramar Mai Makulli

Shekara talatin da ɗaya Mai Makulli ya yi a rumfa guda, a bakin titin da ya ratsa kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Rumfar ba ta da wani girma. Teburin ƙarfe ne, da injin yanka makulli, da allon katako mai ƙusoshi inda yake rataye makullan da ba a riga an yanka ba. Sai kujerarsa, wadda mai walda ya ƙera masa ta musamman bayan kujerun roba uku sun watse a ƙarƙashinsa.

Sana'ar ce ta koya masa zargi. Duk wanda ya miƙo makulli ya ce a yi masa irinsa, sai ya dube shi tun daga hula har takalmi kafin ya tambaya, "Na ina ne?" In mutum ya yi jim kafin ya amsa, ya mayar masa da abinsa. In ya amsa da sauri ƙwarai, nan ma bai tsira ba, don a ganinsa amsa ce da aka shiryo tun daga gida. Ya taɓa korar wani mai manyan kaya da ya zo da shatin makulli a jikin sabulu, bayan mako biyu aka ji an kama mutumin yana yi wa wansa sata a shago. Tun daga ranar babu mai iya gaya masa cewa zarginsa ya yi yawa. Har gida halin ya bi shi. In matarsa ta tarye shi da fara'a fiye da kullum, sai ya ajiye hula ya ce, "To, me aka fasa?"

Ƙiba kuwa a hankali ta shigo masa. Da ƙuruciya siriri ne, a keke yake zuwa aiki. Ya bar keke ya koma babur, ya bar babur ya koma motar haya mai ajiye shi daidai bakin rumfa. Shayi da sukari cokali huɗu da safe, lemon kwalba biyu in rana ta take, soyayyen nama da yamma, sauran wunin kuma zama. Da ya kai shekara hamsin da shida, in makulli ya faɗi ƙasa ba ya iya sunkuyawa, sai da ya ɗaura maganaɗisu a bakin sanda yana ɗauka da shi. Mutanen kasuwa suna ce masa jin daɗi ne ya zauna masa, shi kuwa yana jin yadda numfashi ke yi masa gardama ko da daga zaune ya miƙe.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta zo a guje. Makulli ya karye a cikin ƙofar gidansu, tsohuwar mahaifiyarta tana ciki ita kaɗai, ba ta iya tashi, ga tukunya a kan wuta. Sai da ya tambaye ta ko gidan nata ne, ta rantse, sannan ya ɗauki akwatin kayan aiki ya bi ta. Gidan bene ne, su kuma a hawa na huɗu suke.

Hawa na farko ya wuce shi da ƙyar. A tsakiyar na biyu ƙirjinsa ya riƙe, idonsa ya fara ganin duhu-duhu, ya zauna a kan matattakala da akwatin a cinya. Matar ta dube shi, ta dubi sama, ta bar shi nan. Yana zaune maƙwabta suka riƙa raɓa shi suna hawa, yana zaune ya ji an sa guduma an ɓalle ƙofar da shi zai buɗe cikin minti biyu ba tare da ko ƙwarzane ba. Babu abin da ya sami tsohuwa. Da matar ta sauko ta kawo masa ruwa a kofi ta ce, "Sannu Baba, sha ka huta." Wannan sannun ta fi masa ciwo a kan zagi.

Bai faɗa wa kowa a gida ba. Amma kwana biyu tsakani sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa da ke koyarwa a makarantar firamare, ta tsaya a kansa da jaka a kafaɗa.

"Baba, tashi mu je asibiti."

"Wa ya gaya miki?"

"Gaya mini me? Ai ban ce an yi wani abu ba."

Ya gane ya tona kansa da kansa. Ya juya ya harari Mai Agogo, wanda ya sunkuyar da kai a kan wani agogo kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

A asibiti aka ɗora shi a sikeli, ya nuna kilo ɗari da talatin da huɗu. Likita, wani matashi mai sanyin murya, ya ce jininsa ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ya rubuta masa ƙwaya guda ɗaya, ya ce sauran maganin yana ƙafarsa: tafiyar minti goma kowace safiya, ya rage sukari, ya bar lemo, in ya ji ƙirji ya riƙe ya tsaya nan take. Mai Makulli ya lura kalmomin sun yi kama da waɗanda Auta ta daɗe tana faɗa a gida, har da yadda aka jera su. A hanya ya ce mata, "Kun haɗa baki ke nan."

"Yau na fara ganinsa, Baba."

"Haka za ki ce mana."

Sikelin ma bai yarda da shi ba. Ya kai akwatin kayan aikinsa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa aka auna, kilo tara. Washegari ya koma asibiti da shi, ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta bari ya ɗora. Kilo tara cif. Ya kalli allurar sikelin, sannan ya ce ai ba mamaki kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Amma da gari ya waye ya fita.

Akwai titi a bayan wata makaranta mai dogon bango, da turakun wutar lantarki a jere. Can ya nufa, da rigarsa ta kullum, da silifa, da akwatin a hannu don duk wanda ya gan shi ya ɗauka aiki aka kira shi. A turke na huɗu ya jingina yana haki, gumi har cikin ido. Ya koma gida ya kwanta kamar wanda aka yi wa duka. Kwana na uku ya kai turke na biyar. A mako na biyu ne ya lura da wani dogon dattijo mai furfura da ke biye da shi kullum, in ya tsaya ya tsaya, in ya ci gaba ya ci gaba. Ya sake hannun da yake riƙe akwatin, ya tsallaka ɗaya gefen titin, mutumin ma ya tsallako. Rana ta huɗu ya juya ya tare shi.

"Malam, lafiya kake bi na? In akwatin kake so, babu komai ciki sai ƙarafa."

Dattijon ya yi murmushi. Ya ce shi tsohon direban bas ne, shekara takwas yana tafiya a titin nan tun da ya ajiye aiki. "Numfashinka nake ji tun daga nesa. Ƙanena haka ya fara shi kaɗai, ya faɗi a hanya babu kowa kusa. Shi ya sa ba na yin nisa da kai. Ka ajiye akwatin nan a gida, ka sayi takalmin kambas, kuma ka rage sauri. Tafiyar da ba za ka iya hira a cikinta ba ta fi ƙarfinka."

Mai Makulli ya auna maganar ta kowane gefe bai ga inda ribar mutumin take ba, abin da ya ƙara damunsa ke nan. Ya ƙi gaya masa unguwarsu, ya ƙi gaya masa sana'arsa. Amma ya sayi kambas ɗin, suka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, Direba yana ba da labarin hanyoyin da ya bi, shi yana ƙirga turaku.

Wata guda ya cika, gwiwa na ciwo, sikeli kuma bai motsa ba sai da kilo ɗaya. Ya dawo gida ya tuhumi matarsa da ƙara mai a girki a ɓoye. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban yara, man da nake sa maka ko jariri ba zai ƙosar ba. Ka tambayi kwalaben da ke ƙarƙashin teburinka, bayan gwangwanin ƙusa." Bai tambayi wanda ya kawo mata labari ba. Kwana uku bai gaisa da Mai Agogo ba, amma lemon ya bari.

Daga nan abin ya fara tafiya. Turke goma, turke ashirin, har suka daina ƙirgawa suka koma zagaye makarantar gaba ɗaya. A wata na bakwai kilo goma sha tara sun tafi. Wuyansa ya fito, riguna suka koma kamar na aro, ya jingine sandar maganaɗisu a lungu.

A nan ne zargi ya juyo kansa. Mai fenti, wanda shekara da shekaru suke shan ruwa a kofi ɗaya, ya fara zuwa da nasa. Masu kawo aiki suna ce masa "ya jiki?" alhali bai ce ba shi da lafiya ba. In ya ce motsa jiki yake yi, sai su gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da shi kansa ya saba yi wa mai makullin da bai yarda da shi ba. Rannan yayarsa ta zo tun daga wani gari, ta sa aka ba su wuri, ta kama hannunsa tana hawaye.

"Ɗan'uwana, ni ce fa. Duk abin da likita ya gaya maka, ka gaya mini. Mu a gidanmu ba a ramewa haka kawai."

Ya rantse mata ta ƙi yarda. Bayan ta tafi maganar ta zauna masa. Ya tsaya gaban madubi yana duba fatar da ta saki a damtsensa. Anya tafiya kaɗai za ta cire wa mutum wannan nama? Ya tuna yadda likita yake yi masa murmushi duk zuwa, da yadda Auta take shiga ofishin ta daɗe bayan shi ya fito. Ashe ko wani ciwo ne ke cin sa, suka rufe shi da zancen motsa jiki don kada hankalinsa ya tashi? Ya daina fita. Ya koma sukari cokali huɗu, wai ya ga ko jikin zai karɓa.

Kwana tara bai je titin makaranta ba, sai ga Direba a bakin rumfa.

"Wa ya nuna maka nan?"

"Haba, akwai wanda bai san ka ba a garin nan? Tun ranar farko na gane ka. Kai ka yi mini makullin bas shekarun baya, bayan ka yi mini tambayoyi kamar a gaban alƙali."

Mai Makulli ya rage murya ya gaya masa abin da ke ransa. Direba bai yi dariya ba. Ya ce, "To kai da ba ka yarda da kowa ba, me ya sa ka yarda da masu gyaɗa kai? Je ka wani asibitin da ba wanda ya san ka, kada ka gaya wa kowa ranar. Duk abin da suka ce, ka ji da kunnenka."

Haka ya yi. Ya hau mota biyu zuwa ɗaya ƙarshen gari, ya ce a gwada komai, bai ambaci likitan farko ba, bai ce yana tafiyar safe ba. Kwana uku ya yi yana jiran sakamako. Likitar wurin, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba takardun ta ce ba ta ga ciwon komai ba. Jini ya kusa daidaita, sukari lafiya lau. Ta ƙara da cewa nauyin dai da saura, in zai iya ya riƙa ɗan tafiya da safe.

Ya karɓi takardar ya karanta sunansa sau biyu, don ya tabbata ba ta wani aka ba shi ba. A cikin motar komowa ya ji idonsa ya ciko, ya juya fuska wajen taga. Yayarsa kaɗai ya aika wa hoton takardar. Mai fenti kuwa ya bar shi da kofinsa. Auta da ta ji inda ya je ta yi fushi na kwana biyu, ta ce abin da take tsayawa tambayar likita shi ne irin abincin da za a riƙa dafa masa. Bai ba ta haƙuri da baki ba, amma ya je har makarantarsu ya gyara ƙofar ajinta da ta daɗe ba ta kulluwa.

Yanzu shekara biyu ke nan da ya koma tafiyar safe. Yana kilo ɗari da uku, wani watan ya hau kaɗan, wani ya sauka, gwiwar hagu kuma har yau tana yi masa tsiya in an yi sanyi. Matarsa ce ta matsa ya kwashi rigunansa da wanduna ya kai wa tela a rage. Da ya je karɓa ya gwada ɗaya, ta zauna masa daidai. Tela yana jiran yabo, sai ya ga Mai Makulli yana leƙen ƙarƙashin keken ɗinki.

"Ina ƙyallayen da ka yanke?"

"Wane ƙyalle kuma, Baba? Ai guntaye ne."

"Riga bakwai, kowacce ka cire kusan kamu guda, ka ce guntaye? Kawo su."

Tela ya tattaro su yana ƙunƙuni ya zuba a leda. Mai Makulli ya zazzage su a kan tebur, ya ware su launi-launi, ya ga na shuɗiyar rigar babu. Sai da aka ɗaga matashin kujera aka same shi. Ya ƙulle ledarsa, ya yi sallama, ya kama hanyar gida a ƙasa.