Hajiya Bara'atu ta gaida turawan kwamfuta

Wallahi kakata Hajiya Bara'atu sai a hankali! Ita ce mai gidan hayar nan a Azare da ake shiga da jaka kawai, gado da fanka da tukwane duk ta zuba. Ranar ɗan hayarta Dumebi yana ganawa da turawa ta kwamfuta, aiki yake nema, sai ga ta da ƙwaryar fura. Ta leƙa ta ce "Dumebi, baƙi har uku a gidana, ko ruwa ba ka ba su ba?" Ta ture shi ta zauna, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, kowa da tasa gaisuwar! Dumebi gumi kawai yake. Kuma sun ba shi aikin fa, wai mamarsa ta burge su.