Harafin "e" da ya kusa ɓata wa abokina suna

Shekarun baya, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kankiya, ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake ji da ita kamar me. A cikinta akwai manhajar zana alƙaluma, irin wadda sai ka rubuta mata umarni layi-layi sannan ta fito maka da zane. Duk wanda ya shigo ɗakina sai na buɗe masa baƙin allon nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Yawanci sai su gyaɗa kai, su sako hirar ƙwallo.

Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya saurare ni, shi ma don ta kama shi dole. Abokina ne tun firamare, ɗan Kusada, ma'aikacin sashen gona da ya koma karatu da girmansa, ga mata ga 'ya'ya. A shekararsa ta ƙarshe aka ba shi bincike kan gero. Kaka guda ya yi yana zagaya ƙauyukan Ƙofa da Boko a kan babur, yana tambayar manoma girman gonarsu da yawan damin da suka ɗaure. Malamin da ke duba aikinsa kuma ya ce da irin manhajar nan tawa yake so a yi zanen.

Damuwarsa ita ce fayil biyu yake yawo da su a filashi, ɗaya na alƙaluma, ɗaya na umarni, kuma duk ranar da ya je shagon buga takardu sai bairos ya lashe ɗaya. Na gyara zama irin na manyan malamai, na nuna masa dabara: a zuba alƙaluman cikin rubutun umarnin kansa, a ƙarƙashin layin da ya ce a zana, kowane manomi da layinsa. Fayil ya zama ɗaya, inda umarni ya je alƙaluma na biye da shi. A can ƙasa na sa harafin "e" shi kaɗai, na ce masa wannan ne murfin, da shi manhajar ke gane cewa alƙaluma sun ƙare. Ya yi godiya ya tafi.

Bayan 'yan makonni, wata Asabar da hantsi, na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya miƙo mini takardar zanen. Ɗige-ɗige ne 'yan kaɗan a tsakiyar farin fili, alhali a rubutunsa ya ce ya zanta da manoma masu ɗimbin yawa.

"Malam ya ce a gindin bishiya na zauna na ƙirƙiro," in ji shi. "Gaban 'yan ajinmu ya faɗa, yaran da na kusa haihuwa. Ya ce in zo Litinin in zana gabanshi, in ba haka ba ya kai ni kwamiti. Ni ba asarar shekarar ce ta dame ni ba. A ce na yi ma manoman garinmu ƙarya?"

Na tambaye shi bai lura ɗigon sun yi kaɗan ba kafin ya miƙa? Ya ce ya lura, ya ɗauka hawa kan juna suka yi. Wani layin Turanci ma ya fito a allon, amma tunda zane ya fito, bai bi ta kansa ba.

Na buɗe fayil ɗin da ƙarfin gwiwa. Na fara ɗora wa bairos laifi. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake kashewa na kunna, ina gyaran murya don kada ya gane ban san inda na dosa ba. Alƙaluman duk suna nan, ba wanda ya ɓata, amma zanen ya ƙi ɗaukarsu. Ni ne fa na koya masa dabarar, kuma na ga yadda yake kallona.

Sai na lura da wani abin da ba ni na sa ba. A farkon kowane layi akwai kalma. Ashe malamin ya ce ya ƙara da ko manomin ya shuka sabon iri, shi kuma ya rubuta amsar yadda aka ba shi, da Hausa, a gaban alƙaluman. Na ɗora yatsa a allon ina karantawa a bayyane, shi yana bin ɗigon takarda. A'a. A'a. A'a. Muna tafiya tare, layi da ɗigo, har na zo kan wani layi na ce, "E."

"Sun ƙare," ya ce.

Na dubi layin, na dubi murfin da na sa a can ƙasa. Harafi ɗaya ne. Wanda ya ƙera manhajar ya zaɓi "e" ne don da shi kalmar "ƙarshe" take farawa a Turanci, bai taɓa kawowa a ransa akwai mutanen da amincewarsu ke nan ba. Manomin farko da ya ce e, ya shuka sabon iri, manhajar ta ɗauka an sallame ta, ta watsar da shi da duk wanda ya biyo bayansa.

Dariya ta kama ni har da hawaye. Mahaifiyata, wadda ke tankaɗe a tsakar gida, ta leƙo ta ce lafiya? Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta ce, "To mi ye abin mamaki? Ku ma haka kuke. Da an ce maku e, kun daina sauraren sauran maganar." Ta saki labule ta koma aikinta.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Na mayar da amsar ƙarshen layi, na sa masu sabon iri su fito da launi daban. Da na danna, farin filin nan ya cika. Abokina ya matso har hancinsa na neman taɓa allon. Ya nuna wani ɗigo can sama shi kaɗai ya ce wannan tsohon Boko ne da ya hana shi tafiya sai da ya sha fura. Ya nuna wani a ƙasa ya ce wannan tsutsa ce ta cinye masa gona, da kyar ya yarda ya yi magana. Haka ya riƙa bi, yana gaya mini mutanen. Na bar dariya.

Na hana shi goge tsohon fayil ɗin. Na ce ya tafi da su duka biyun, ya fara kunna mai matsalar a gaban malamin, ya nuna layin, sannan ya gyara da hannunsa. Sai da na sa ya maimaita a gabana har ya iya ba tare da ya waiwayo ni ba.

Litinin bayan la'asar ya kira ni a waya. Ya ce malamin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa aka kira 'yan ajin da suka ji zargin. A gabansu ya ce ya zarge shi da abin da bai yi ba, ya nemi ya yafe masa. Abokina na ba ni labari, ni kuma ina tsaye a bakin titi ina washe baki, masu acaɓa na kallona.

Na rubuta umarni masu wahala bayan wannan, wasu ma ban iya tuna me suke yi ba. Amma wannan har yau ina taƙama da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba littafin da zai gargaɗe ka kan wannan kuskuren, don masu rubuta littattafan ba sa cewa e. Sai wanda ya san yaren na'urar kuma ya san na mutanensa. A ranar ni ne a wurin, kuma mutumin da ya yi aikinsa da gaskiya ya koma Kusada da sunansa a wanke.