Ranar da Kwamfuta Ta Ce Uban Fuseini Ya Mutu Sau Biyu

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke da sabulu a shanya, ba zan manta da wata Litinin ta watan Janairu ba. Ku sababbin ma'aikata da kuka tarar da komai a shirye, ku gyara zama.

Lokacin ni ne akawun albashi a kamfaninmu na sayen kaɗanya da waken suya, can bayan Jisonayili a Tamale. Hutun kowa a hannuna yake: kwana goma sha biyar a shekara, da kwana uku in uwa ko uba ya rasu. Da can a wani ƙaton littafi nake rubutawa, wanda in ya faɗo wa akuya sai dai a kawo wuƙa. Sai hedkwata ta aiko mana da sabon sistem na kwamfuta. Ka cika fom, in shigar, manaja ya danna. Wanda ya yi mako bai zo ba babu izinin sistem, takardar korarsa da kanta take fitowa.

Fuseini direba Badagombe ne, shekara ashirin yana jan babbar motarmu. Babansa ya rasu a watan Afrilu, aka binne shi a ranar, ya ci kwana ukunsa ya dawo. Amma a Dagbon, ƙasar Dagombawa, binnewa ba ita ce ƙarshe ba. Sai an gama girbi, dangi sun taru daga ko'ina, sannan a yi babban makoki, mako guda cur. Fuseini ne ɗan fari, shi za a yi wa aski, shi zai zauna a gaishe shi. Don haka duk shekarar bai taɓa hutunsa ba, ya ce in ajiye masa. Na bugi ƙirji na ce ya je ya yi barci, kwanakinsa suna hannuna, ni Malam Sani.

Ashe ɗaya ga Janairu sistem ya share duk hutun da ba a ci ba, ko sallama babu. Na sabuwar shekara kuwa wata-wata yake ɗigowa, kwana ɗaya tal ya taru masa. Na ce bari in bi ta hutun rasuwa. Allo ya yi ja, wai uban wannan ma'aikaci ya riga ya mutu. Bai tsaya nan ba, munafukin, ya tura wa manaja saƙo.

Manajanmu Mista Boateng ne, muna ce masa Masa, mutumin Kumasi, watansa huɗu a Tamale, har lokacin tuwo yana ba shi mamaki. Ya kira mu ofis ya ce ya sha ganin masu kashe kakarsu don hutu, amma uba sau biyu bai taɓa gani ba. Ya ce in buga wa Fuseini kwiri, wato takardar tuhuma. Fuseini bai yi gardama ba. Ya ciro makullin mota ya ajiye a tebur.

"Masa, Alhamis zan tafi. In na dawo babu aiki, Allah yana nan."

Mutum mai 'ya'ya biyar a makaranta, kuma bakina ne ya kai shi nan.

Na roƙi awa ɗaya. Abin da Masa ya manta shi ne, akawun albashi yana ganin fayil ɗin kowa, har nasa da ya biyo shi daga reshen Kumasi. Na buɗe na duba bara, na buga shafi ɗaya, na koma da fuskar salihai.

"Masa, shawara nake nema. Akwai wani babba a kamfanin nan, kawunsa ya mutu sau uku bara. In haɗa kwirinsa da na Fuseini?"

Ya ce maza in kawo sunan. Na shimfiɗa masa takardar. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sunan bai canza ba. Sai ya hau bayani da sauri, wai hutunsa na shekara ya yanka gida uku: na farko zaman cika mako da rasuwar ne, na biyu na arba'in, na uku ranar binnewa bayan wata huɗu, don sai da aka jira 'yan'uwa daga waje.

Na ce, "To Masa, ku kuna sa mamaci a firiji ku jira dangi. Mu nan arewa a ƙasa muke sa shi mu jira dangi. Jiran ɗaya ne, kuɗin lantarki ne kawai ba ma biya."

Ya zuba min ido har na fara tunanin inda zan nemi sabon aiki. Sannan dariya ta ƙwace masa. Da ya ji Fuseini ne ɗan fari, sai ya koma yi masa faɗa, wai don me bai faɗa tun farko ba, wa ya taɓa jin makoki babu babban ɗa.

Muka zauna gaban kwamfuta. Ashe akwai wurin da ake barin hutun bara ya tsallako, a kulle yake, sai da faswod ɗin manaja. Ba wanda ya taɓa leƙawa. Ya buɗe, muka ba shi har ƙarshen Maris. Kwana goma sha biyar na Fuseini suka dawo reras, tare da na wasu mutum shida da ba su ma san an yi musu sata ba. Masa ya ɗauki makullin ya danƙa wa Fuseini a hannu.

Ranar Asabar na goya Masa a moto, wato babur, muka je makokin. Ya yafa baƙin zane irin nasu a cikin ranar nan mai soya ƙwai. Da aka harba bindigar farko ta al'adar makoki, na waiga ban gan shi ba, sai a bayan wata yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, na tsince shi yana gyara zane.

Abin da na koya shi ne, sistem ya iya ƙirga kwana, amma bai san wanda makoki ke jiransa ba, sai ka tashi ka tambaya. Tun daga nan, kowane Disamba nake zagaya sito da gareji ina tambayar wa ke da mamacin da ba a gama da shi ba, kafin Janairu ta zo da tsintsiyarta.

Fuseini ya dawo da kai fes yana ƙyalli, da zabi biyu a hannu, ɗaya nawa ɗaya na Masa. Kwamfuta ko ƙafa ba ta samu ba.