Babban Yatsan Mai Agogo

Shagon Mai Agogo bai fi faɗin tabarma biyu ba. Tebur ne guda mai gilashi, da kujerar da aka yi wa ƙarin ƙafa da wani katako daban, sai agogunan bango rataye a kan ƙusoshi, kowanne da lokacin da yake nunawa, domin masu su sun kawo gyara ba su waiwayo ba. A nan ya yi ƙuruciya, a nan furfura ta same shi. Mutum ne marar hayaniya. Ko ciniki kake da shi sai ka matso za ka ji abin da ya ce. Uwar 'ya'yansa, Allah ya ji ƙanta, takan ce agogunansa ma sun fi shi surutu.

Tun da waya ta shiga aljihun kowa aikin ya ja baya, sai ɗan canjin batir da maɗauri. Amma ba ciniki ne ke fito da shi ba a 'yan shekarun nan, rumfar bakin shagon ce. Da rana ta yi sanyi abokansa uku sukan hallara. Akwai Direba, wanda ya ajiye tuƙin babbar mota amma bai ajiye muryar tasha ba. Akwai Tica, da tabarau a kan karan hanci. Sai Gajere, wanda sai ya sunkuya yake iya shiga rumfar. A ɗora allon ludo a kan benci, a zuba ƙwayoyi biyu masu ɗigo a cikin ƙaramin gwangwani, kowa ya jera 'ya'yansa huɗu. Ba a sa ko sisi. Abin da ake ci a wurin bakin juna ne.

Gardamarsu guda ce, ba ta tsufa.

"Wasan nan sa'a ce kawai," in ji Direba. "Ko jaki aka ba shida biyu sai ya shiga gida."

Tica ya ce, "To kai me ya hana ka shiga?"

"Ni ƙwaya ce ba ta ƙaunata. Tun ina yaro haka take min."

Mai Agogo dai ba ya sa baki. In an matsa masa sai ya ce ƙwaya bayarwa kawai take yi, kai ne za ka san ɗan da za ka tura. Kuma ya iya turawar. Ya san lokacin da zai tare hanya da 'ya'ya biyu, da lokacin da zai bar ɗa guda a baya yana fakon wanda zai wuce.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, idonsa ya fara tafiya. Da farko ƙananan kusoshin agogo ne suka ɓace masa, daga baya lambobi, har ya zama yana kallon duniya kamar ta gilashin da aka shafa wa mai. Batir yana sa shi da lalube, hannu ya riga ya saba. Allon ludo kuwa a kansa yake. Kowa ya tura ɗa yana ƙwanƙwasa gida-gida a kan allo, shi kuma yana bin ƙarar da kunne, ya san inda kowane ɗa ya tsaya. Ƙwayoyin ne kaɗai matsala. Sai dai tsofaffi ne, ɗigonsu ramuka ne. In ya jefa sai ya ɗora babban yatsa a kan kowace, kamar mai jawo ta kusa, ya ji ramukan, sannan ya faɗi lamba.

Dalilin ɓoyewar ɗansa ne. Yaron kirki, ma'aikacin ofis a can ɗaya ƙarshen gari, duk ƙarshen mako yana zuwa da leda a hannu. Kuma duk zuwan maganarsa ɗaya.

"Baba, ranar da aikin nan ya fi ƙarfinka za mu rufe shagon ka dawo wurinmu. Ɗakinka na nan, har fenti an yi masa."

Mai Agogo ya san ɗakin, ya taɓa jinya a ciki. A saman bene yake, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Da safe kowa ya fita, a bar shi da ƙarar firji. Ba wulaƙanci, ba yunwa, surukarsa ma har ruwan wanka take ɗumama masa. Da mugun ɗa ne, da ya san yadda zai yi da shi. Na kirki ne ba a san ta inda za a ƙi shi ba. Kuma in shagon ya rufe, rumfar ta tafi ke nan.

Direba ne ya fara lura da yatsan. Ranar an cinye masa 'ya'ya biyu a jere, ransa a ɓace.

"Tsaya tukuna. Me ya sa kullum sai ka shafa ƙwayar kafin ka faɗa?"

"Sabo ne."

"Sabo? Tica, kana gani? Da yatsa yake juya ta. Shi ya sa shida ba ta ƙare masa. Shiru-shirun nan ba banza ba, ashe ruwan da ba ya motsi shi ke cin mutum."

Gajere ya yi dariya yana zaton wasa ne. Da ya ga fuskar Direba sai ya haɗiye sauran.

Tica ya ce, "Haba Direba. Mutumin da ko canjin batir bai taɓa cutar wani ba?"

"To ya rantse bai san abin da yake yi da yatsan ba."

Kalma ɗaya ce za ta wanke Mai Agogo, kuma ita ce za ta rufe shagon, domin Tica ba ya iya riƙe magana in ya ga riƙe ta cuta ce. Ya auna biyun a ransa kamar yadda yake auna wane ɗa zai tura, sai ya zaɓi shiru. Shirun kuwa ya yi masa mummunar shaida. Ranar aka tashi ba a gama wasa ba, Direba ya kwashe ƙwayoyin ya zuba a aljihu.

Kwanakin da suka biyo baya rumfar ta zauna babu kowa. Gajere yakan wuce ya ɗaga hannu daga nesa, ya manta, ko kuwa bai sani ba, cewa daga nesa Mai Agogo ba ya ganin hannu. Sai labari ya zaga cewa har girman kai ya ƙara, ba ya amsa gaisuwa. Ya zauna yana sauraron agogunansa, yana tunanin mutumin da suka ɗauki gawar matarsa tare yau yana kiransa macuci a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Tica ne ya sasanta. Suka dawo wata yamma, Direba ya ajiye sababbin ƙwayoyi a kan allo.

"Ga su nan, masu kaifin kusurwa, ba sa mirginawa da yatsa. Ka shafa har ka gaji."

Mai Agogo ya ɗauki guda. Sumul take kamar sabulu. Ɗigon fenti ne aka buga, babu rami ko ɗaya. Duk da haka ya karɓi gwangwanin.

Da farko ya tsira, domin Gajere yana da ɗabi'ar karanta lambar kowa da ƙarfi. Sai Direba ya ce kowa ya ja bakinsa, mai jefawa ne zai faɗi tasa. A lokacin jan ɗan Direba yana gida shida a gaban koren Mai Agogo, dab da shiga gida. Mai Agogo ya kaɗa, ya zuba. Ƙwayoyin suka gangara suka tsaya. Ya sunkuya, ba ya ganin komai sai fararen abubuwa biyu. Ya ɗora yatsa, yatsan bai gaya masa komai ba.

In ya faɗi babbar lamba ya kuskure, ya tabbata ɓarawo. Don haka ya nemi mafi ƙanƙanta.

"Biyu da ɗaya," ya ce, ya tura ɗansa gida uku.

Babu wanda ya karɓi gwangwanin. Ya ji Tica ya cire tabarau ya ajiye a kan benci. Can Direba ya yi magana, da wata murya da ba a san shi da ita ba.

"Shida da shida ce, Mai Agogo."

"To. Haka ne."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

"Shi ne ka bar ni ina zuba kamar kanya, ina zaginka a gaban mutane?"

"Zagin ya fi sauƙi," in ji Mai Agogo.

Kamar yadda ya zata, Tica bai kwana da maganar ba, ya kira ɗan a waya. Mai Agogo bai ga laifin Tica ba, gaskiya ya yi. Aka je asibiti. Likita ya ce ido ɗaya an makara, ɗayan kuma a yi ta ɗiga magani ko za a riƙe abin da ya rage. A hanyar dawowa ɗan bai yi faɗa ba, kuka ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Aka tsayar da ƙarshen wata za a rufe shagon.

Sauran kwanakin an ci gaba da wasa, amma ba wasan ba ne. Yanzu su ke karanta masa lamba, sai ga shida tana zuwa masa kamar ruwan sama. Ko korensa ya tsaya a bakin jan Direba, sai Direba ya ƙi ci, ya tura wani daban. Mutumin da ba a taɓa jin ya tambayi lafiyar kowa ba, shi ne ke cewa, "Yaya, a gyara maka kujera?" Gardamar sa'a ta mutu. Mai Agogo ya ci wasa sau da yawa, kowane ci kamar an ba shi sadaka.

Wata rana ya kife gwangwanin. "Kunnena bai makance ba. Tica, in za ka yi ƙarya sai ka yi gyaran murya tukuna. Da tausayin nan, gara ɓarawon da kuka kira ni."



Ranar ƙarshe an sauke agogunan bango an jera a kwali, sai ƙusoshi tsirara. Suka zauna a rumfar suna jiran motar ɗan. Direba ya laluba aljihu, ya zuba wani abu a gwangwani ya miƙa masa. Tun daga ƙarar Mai Agogo ya gane tsofaffin ƙwayoyin ne. Ya kaɗa, ya zuba, ya ɗora yatsa.

"Ɗaya da biyu."

"Madalla," in ji Direba. "Sa'ar ta ƙare, tsohon macuci." Da juyi ya zo kansa ya cinye ɗan Mai Agogo, ya buga shi a kan allo har sauran suka yi tsalle. Tica ya ce wannan sa'a ce ba iyawa ba. Direba ya ce yau kuma bakin ya juya? Gardama ta tashi har mai shagon kusa ya leƙo. Mai Agogo yana murmushi, yana shirya ramuwa a ransa, sai aka ji hon.

"Za mu riƙa zuwa," in ji Direba. "Mota biyu kawai za mu hau."

Mai Agogo ya san gwiwoyin Direba, ya kuma san matakalar benen. Ya ce dai kada su damu in 'ya'yan ludon sun zube daga allo a hanya, yana sane da inda kowa yake.

Yanzu yana ɗakin mai sabon fenti. Da safe in gidan ya watse, yakan zauna a bakin gado, hannu a kan gwiwa, babban yatsansa yana motsi shi kaɗai. A kansa wasan na nan inda aka bar shi: Tica yana da biyu a gida. Gajere bai fito da na ƙarshe ba. Jan ɗan Direba yana gida huɗu a gaban korensa, kuma shi Mai Agogo ne da jefawa.