Zargin da Nake Yi wa Marigayi Tukuna da Kyamararsa

A saurara, a kuma isar wa wanda ba ya nan. Ni, mai wannan shafi, bisa ikon da babu wanda ya ba ni, na kafa kwamitin bincike a kan wata baƙar kyamara mai ɗaure da salatif a gefen murfin batir. Ni ne shugaban kwamitin, ni ne sakatare, ni ne kuma 'yan kallo. Wanda ake tuhuma ba zai samu halarta ba, domin ranar Talatar makon jiya, sha ɗaya ga wata, da hantsi, Wanda ya fi mu son sa ya kira shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa abokina mai ɗaukar hoto, wanda gari ya sani da Tukuna, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ya bar matarsa da 'ya'yansa da yayansa cikin jimami, ni kuwa ya bar ni cikin jimami da shakka.

Tukuna, ba ka taɓa zama ma'aikacin kowa ba. Gashin kanka kake ci. Yau edita ya kira ka zuwa wurin fasa dutse, gobe wani kamfani ya tura ka gidan burodi, jibi babu wanda ya tuna da kai, sai ka zauna kana goge idon kyamara da gefen riga. Shekaru masu yawa mun yi yawo tare, ni da alƙalami, kai da jaka a kafaɗa da ƙarfen nan mai ƙafa uku. A duk tsawon wannan zama ban taɓa ganin ka ɗaga kyamara ta ɗauka a karon farko ba. Sai mutum ya gyara hula, ya shanye tumbi, ya ɗaure fuska irin ta kalanda, sannan ka sauke hannu ka ce, "Tukuna." Ka bubbuga ta da tafin hannu. Ka cire batir, ka hura masa iska, ka mayar. Ka yi tsaki, ka ba da haƙuri. A nan ka samo sunanka, har yaran unguwa ba su san kana da wani ba.

Na tuna ranar da muka shiga ofishin daraktan wani kamfanin siminti. Mutumin ya hakimce a kujera mai juyawa, ya tara wayoyi a gabansa, ya riƙe biro kamar zai sa hannu a kan makomar duniya. Kyamararka ta ƙi. Ya jira, ya gaji, ya ajiye biron, ya zare takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, ya tambayi masinja ko an ba tsohon maigadi maganinsa. Sai muka ji ƙyas. Hoton da ya fito shi ne kaɗai aka taɓa ganin mutumin nan ya yi kama da wanda uwa ta haifa. Na ce sa'a ce. A shafin nan na raɗa wa kyamararka suna Majinyaciya, na yi ta yi mata ba'a shekara da shekaru, kai kuwa in ka karanta sai ka yi murmushi ka ce, "Ranka ya daɗe, a ci gaba da yi mata addu'a." Yanzu murmushin nan ne yake hana ni sakewa.

Alherinka ba ya cikin abin da ake tuhuma, kwamiti ya tabbatar da shi ba gardama. Duk leburan da ka ɗauka a wurin aiki, sai ka wanko hotonsa, ka sa a ambulan, ka koma ka neme shi, ko da an canja masa wuri. Na raka ka neman wani mai fasa dutse har cikin layin da mota ba ta shiga, mutumin ya karɓi hoton da hannu biyu, ya ce ai bai san yana da faɗin kafaɗa haka ba.

Sai kuma ranar gobarar kasuwar kayan gini. Edita ya bugo ya ce hawaye yake so a shafin farko. Muka tarar da wani dattijo zaune a kan tokar shagonsa, daga shi sai singileti, yana kuka irin na wanda ya manta akwai mutane. Ka ɗaga kyamara, ka sauke. Ka bubbuga, ka hura, ta ƙi. Ta ci gaba da ƙi har aka kawo wa dattijon riga, 'ya'yansa suka tafi da shi. Ni da bakina na tsaya gaban edita na rantse cewa Majinyaciya ce ta tashi da ciwonta. Abin da ban auna ba a lokacin shi ne, hoton ƙonannen sikelin da aka buga washegari, a wannan kasuwa aka ɗauke shi, a wannan rana, da wannan kyamara.

To, ga yadda magana ta taso. A zaman makoki, ana ta faɗin halayenka, sai na miƙe, ba wanda ya tambaye ni, na ce babbar shaidar haƙurinka ita ce zaman da ka yi da matacciyar kyamara ba ka taɓa jefa ta a kwata ba. Jama'a suka ce haka ne. Yayanka, wanda 'ya'yanka ke kira Baffa, ya ji, ya riƙe. Ashe akwai aikin da ka karɓa kafin ka kwanta: ranar Alhamis mai zuwa masu ginin gada za su ɗora ƙarfen ƙarshe, kamfanin yana son hotunan ma'aikatansa. Babbar 'yarka, wadda kai da Baffa kuke kira Uwata saboda sunan mahaifiyarku gare ta, ta ce ita za ta je. Ta daɗe tana bin ka aiki, ta kuma san dokar sana'ar: wanda aka kira bai zo ba, an gama kiran gidansu. Baffa ya ce atafau. Ba mugunta ba ce, kunya yake guje mata. Ya ce ba za ta tsaya gaban injiniyoyi tana bubbuga gwangwani a yi dariyar marainiya ba. A ba mai sayen tsofaffin kyamarori, a huta. Ta ce lafiyar kyamarar ƙalau. Ya ce, "Uwata, ke kaɗai za ki ƙaryata gari? Ga mai rubutu a jarida ma ya faɗa."

Mai sayen nan shi ya fara tayar mini da hankali. Kullum yana gidan, ya fi dangi zuwa gaisuwa, addu'arsa doguwa, amma idonsa na kan jakar da ke rataye bayan ƙofa. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ƙoshi da sanin kyamara, me zai yi da gawa?

Kwamiti ya tafi rumfar mai gyara, can ƙarƙashin matakalar wani bene, inda ka ce kana kai ta jinya. Na tambaye shi ciwon da ke damun ta. Ya ci gaba da hura ƙura daga wata rediyo. Na sake tambaya. Ya ce, "Malam, marigayi yakan zo, ya ajiye jaka a nan, mu sha shayi, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ni dai ban taɓa kwance mata ko ƙusa ɗaya ba." Na ce to salatif ɗin fa? Ya ce, "Ado ne." Daga nan na wuce wurin mai ɗakinka. Na yi mata gaisuwa, na kawo maganar a hankali. Ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce, "Malam, ai ka fi ni sanin abokinka." Na lura gefen bakinta ya motsa. Matar da ke takaba ba ta dariya, amma kwamiti ya rubuta abin da ya gani.

Ranar da mai saye zai zo ɗauka, muka shiga ɗakinka, ni da Baffa da Uwata. Ambulan-ambulan na hotunan da ba ka kai ga rabawa ba suna kan kanta, takalmanka na aiki suna gindin gado da busasshiyar lakar wurin gadar. Uwata ta ce, "Baffa, bari in gwada sau ɗaya. In ta ƙi, a ba shi." Baffa ya gyara hula. Ni ma na shanye tumbi, don ba a san inda rana za ta faɗi ba. Ta ɗaga, ta sauke, ta ce, "Tukuna." Wallahi da muryarka ta faɗe shi. Ta bubbuga, ta cire batir, ta hura.

Baffa ya ce, "Kun gani ko?" Ya zauna bakin gado. Idonsa ya faɗa kan takalmin. Ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya fara kankare lakar da farcen babban yatsa. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Tun yana yaro ba ya goge takalmi. Ni nake goge masa."

Ƙyas.

Ta juyo masa da bayan kyamarar. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon dattijon da ke ciki, rungume da takalmin ƙaninsa. Can ya miƙa mata, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Ƙarfe nawa za ki fita ranar Alhamis?" Mai saye ya zo, aka ce masa an gode da gaisuwa. Tun daga ranar ba a sake ganin sa ba.

Ga abin da kwamiti ya gano. Tukuna, kyamararka ba ta taɓa ciwon kai ba. Ka san ɗan Adam ba ya iya riƙe fuskar aro ya daɗe, sai ka ƙirƙiro mata ciwo don ka jira ta gaskiya. In kuma ta gaskiyar ta fi ƙarfin a nuna wa duniya, sai ciwon ya yi tsanani. Matarka ta sani, 'yarka ta sani, mai gyara ya sani, mai saye ya shinshino. Ni kaɗai, da nake tsaye a gefenka, aka bari ina yi maka talla kyauta. Ina kuma zargin da gangan ka zaɓe ni, don ka san bakina ba ya ajiya.

Na tambayi Uwata ko buga wannan zai kashe mata dabara. Ta ce, "Kawu, rubuta abinka. Kowa gani yake shi ba za a kama shi ba." Na ce ban da ni, na riga na farka. Ta ce to in tsaya ta ɗauke ni. Abin da ya biyo baya ba ya cikin hurumin kwamiti.

Allah ya jiƙan ka, abokina. Yadda ka sauke kyamara ka rufa wa bawansa asiri a kan toka, Allah ya rufa maka naka ranar da babu mai cewa a jira. Ya haskaka kabarinka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da Baffa, da Uwata da ƙannenta, da leburorin da har yanzu ambulan ɗinsu ke jiran su a kan kanta. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu zuwan.

Saura hukunci. An samu mai wannan shafi da laifin ba da shaida ba a tambaye shi ba, shaidar da ta kusa raba marainiya da sana'ar ubanta. An ci shi tarar batir biyu, sababbi, ba na cikin tocilarsa ba. Kuma ranar Alhamis shi zai ɗauki ƙarfe mai ƙafa uku har kan gada, bakinsa a rufe. Ya ɗaukaka ƙara a kan sharaɗin ƙarshe. An kori ƙarar, domin alƙalin ya san halinsa.